Naman Kangaru da Kaskon Kare: Sharhi Kan Ciyar da Karnuka Daga Ostareliya Zuwa Ƙasar Kazaure

Kangaru dabbar daji ce ta ƙasar Ostareliya, wadda take tafiya da tsalle a kan ƙafafunta na baya, macen kuma take renon ɗanta a cikin wata jakar fata da ke gaban cikinta. An daɗe ana sarrafa namanta domin karnukan gida, ana sayar da shi ɗanye ko busasshe ko a cikin gwangwani, kuma har yanzu muhawara ba ta ƙare ba a tsakanin likitocin dabbobi da masu kiwon karnuka da masu fafutukar kiyaye namun daji game da amfaninsa da illarsa. Tambayoyin da wannan muhawara ta tayar, wato daga ina naman ya fito, me dabbar ta ci kafin a kashe ta, wane hannu ya bi kafin ya isa ga kare, kuma ko shi kaɗai ya isa ya riƙe lafiyar jiki, su ne tambayoyin da ke gaban mafaraucin Roni da ke jefa wa karensa hanjin zomo, da mahaucin Kazaure da ke wurgar da huhun da ya lalace a bayan kwata, da makiyayin Gwiwa ko Babura da ke barin mushen akuya a gefen ruga. Saboda haka batun ya cancanci a bi shi daki-daki, domin abin da kare ya ci yakan dawo kan garke, ya kuma dawo kan yaran gida.

Matsayin kare a wannan yanki

Ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne suka haɗu suka zama masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a 1819, ita kuwa Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim, kuma dukkansu sun koma jihar Jigawa lokacin da aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar jihar Kano a 1991. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, mai duwatsu a wajen Kazaure da Roni, kuma tarihin baka yana danganta zaman farko na garin Kazaure da maharba, abin da ke nuna cewa farauta da karnukanta ba baƙi ba ne a nan. Karen da ake riƙewa a yankin yawanci ma'aikaci ne: akwai na farauta, wanda ake fita da shi bayan girbi idan daji ya bushe aka kira gayyar farauta, akwai na makiyaya da ke kwana a bakin garke, akwai kuma na gadi a gidajen gona da unguwannin bayan gari. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wasu mazauna gari da ke sayen karnukan Turawa masu tsada domin tsaro ko sha'awa, kuma su ne suka fi cin karo da tallar abincin karnuka na ƙasashen waje a intanet.

Addini ya yi wa wannan riƙo iyaka, ya kuma ɗora masa nauyi. Hadisai ingantattu sun halatta riƙon kare domin farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah, mazhabar Malikiyya kuma, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, tana ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin mai tsarki, tana fassara umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai a matsayin bauta da bin umarni. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba. Abin da malamai suka fahimta daga nan shi ne cewa duk wanda ya riƙe dabba, ciyar da ita wajibi ne a kansa, don haka tambayar abin da za a zuba a kaskon kare tambaya ce ta haƙƙi kafin ta zama ta likitanci.

Yadda naman kangaru ya shiga kasuwa

Ba a kiwon kangaru a gona, a daji ake harbinsa. Tun da Turawa suka mamaye Ostareliya suka sare dazuzzuka domin makiyaya, suka haƙa rijiyoyi da tafkuna domin tumaki, suka kuma rage yawan karen dajin ƙasar da ake kira dingo, har da gina shingen waya mai tsawon kilomita fiye da 5,000 domin tare shi, sai manyan nau'o'in kangaru suka sami ruwa da ciyawa ba tare da mai farautarsu ba. Ƙiyasin yawansu a yankunan da ake harbinsu yakan sauka zuwa wajen miliyan 25 a shekarun fari, ya kuma haura miliyan 50 idan damina ta yi albarka a jere. Gwamnatocin jihohi suna ƙidaya su ta jirgin sama, sannan su ƙayyade kason da aka yarda a harba a shekara, wanda yawanci yakan kasance tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kodayake abin da ake harbewa a zahiri yakan gaza wannan kaso. Nau'i huɗu ne suka fi shiga wannan ciniki, wato jan kangaru, da masu launin toka na gabas da na yamma, da wanda ake kira walaru. Maharba masu lasisi suna fita da dare da fitila, dokar aikin ta wajabta musu harbi a ka domin dabbar ta mutu nan take, sannan su cire kayan ciki a daji su kai gawar ɗakin sanyi.

An halatta sayar da naman ga mutane a jihar Ostareliya ta Kudu tun 1980, sauran jihohi suka biyo baya zuwa 1993, amma babban kaso na naman ya ci gaba da tafiya ga abincin karnuka da kyanwoyi. Masu goyon bayan cinikin suna cewa dabbar da za a rage yawanta ko ta halin ƙaƙa gara a amfana da namanta, suna ƙarawa da cewa kangaru ba ya fitar da iskar gas mai ɗumama duniya kamar yadda shanu da tumaki ke yi. Masu adawa kuwa suna nuni da 'ya'yan da ke cikin jaka ko masu bin uwa, waɗanda ake kashewa ko su mutu da yunwa idan an harbe uwar, da kuma wahalar sa ido a kan harbin da ake yi da dare a daji mai nisa. Tsabta ma ta zama abin jayayya, domin Rasha, wadda a lokacin ita ce babbar mai saye, ta dakatar da shigo da naman a 2009 saboda ƙwayoyin cuta da aka samu a ciki, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma tana haramta sayar da kayan kangaru, sannan kamfanonin Nike da Puma suka sanar a 2023 cewa za su daina ɗinka takalman ƙwallo da fatarsa.

Abin da ake yabawa a naman, da iyakarsa

Dalili na farko da ake kawowa shi ne ƙarancin kitse, domin kitsen naman kangaru bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, ga shi da yawan furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da gyara jiki. Wannan yana da amfani ga karen birni da ya yi ƙiba saboda zaman gida, ko wanda ke fama da ciwon da ke hana shi jure maiƙo. Ga karen farauta da ke wuni yana gudu a rana lissafin ya juya, saboda kitse yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da furotin ko hatsi ke bayarwa a awo ɗaya, kuma jikin kare mai aikin dogon zango kitse ya fi ƙonawa. Zomo da kurege da fakara, waɗanda su ne galibin abin da ya rage a dajin wannan yanki, duk nama ne maras kitse irin na kangaru, shi ya sa karen da ya dogara da rabonsa na farauta kaɗai yake ƙarewa da haƙarƙari a waje a ƙarshen rani. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma a wajen kare gudun ya fi abin da zomon ke mayar masa.

Dalili na biyu shi ne abin da likitoci ke kira sabon furotin, ma'ana naman da jikin kare bai taɓa haɗuwa da shi ba. Wasu karnuka jikinsu yakan ƙi wani nau'in abinci, musamman naman sa da madara da kaza da alkama, sai ƙin ya bayyana da ƙaiƙayi da ciwon kunne da gudawa. Hanyar gane hakan ita ce a tsayar da kare a kan nama guda da bai saba ba har wajen makonni 8, idan ya warke sai a mayar masa da tsohon abincin a ga ko ciwon zai dawo. Kangaru ya sami kasuwa a Turai da Amurka ne saboda baƙuncinsa a can, ba don wani sirri da ke cikin naman ba, kuma a ƙasar Hausa naman raƙumi ko na zomon gida zai yi wannan aiki ga karen da bai taɓa cin su ba. Haka kuma yawancin ƙaiƙayin da ke damun karnukan karkara daga kaska da ƙuma da ƙazwa yake, don haka magance waɗannan shi ne matakin farko kafin a zargi abinci.

Iyaka mafi girma kuwa ta shafi kowane irin nama. Tsoka zalla tana da sinadarin fosfaras mai yawa, tana da ƙarancin kalsiyam, wanda shi ne ke gina ƙashi, alhali jikin kare yana buƙatar su kusan daidai wa daida, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Ɗan kwikwiyon da aka rena da tsoka kaɗai jikinsa yakan riƙa zaro kalsiyam daga ƙasusuwansa, sai ƙafafu su lanƙwashe, ƙashi ya riƙa karyewa da ƙaramin tsalle. A ɗaya ɓangaren, binciken da Erik Axelsson da abokan aikinsa na jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin suka buga a mujallar Nature a 2013 ya nuna cewa kare ya bambanta da kyarkeci wajen yawan ƙwayoyin gadon da ke taimaka masa narkar da sitaci, wato abin da ke cikin hatsi da rogo da dankali, saboda dubban shekarun da ya yi yana cin ragowar abincin manoma. Wannan yana nufin cewa ragowar tuwo da ƙanzo da kunu da ake ba karnuka a gidajen Hausawa abinci ne da cikin kare ya iya sarrafawa, haka ma gero da nonon da Buzaye ke ciyar da karnukansu na Azawak. Gibin da ke cikin irin wannan ciyarwa shi ne ƙarancin furotin da kitse da kalsiyam, kuma cike shi bai buƙatar nama daga wata nahiya.

Darussa daga kasuwar Ostareliya

Mafi yawan asarar karnuka da aka danganta da ɗanyen naman da ake sayarwa domin dabbobin gida a Ostareliya ta samo asali ne daga abin da ya shiga naman a hanya. Misali na farko shi ne sinadarin salfayit, wanda ake zuba wa niƙaƙƙen nama domin ya riƙe jan launinsa ya kuma danne wari. Wannan sinadari yana lalata bitamin B1, wanda ake kira tiyamin, kuma kare ko kyanwar da aka daɗe ana ba irin wannan nama takan daina cin abinci, ta riƙa tangaɗi da karkata kai, daga baya farfaɗiya ta biyo, wani lokaci har mutuwa. Likitocin dabbobi na ƙasar sun sha gargaɗi a kan haka game da niƙaƙƙen naman kangaru, domin ƙa'idar da ta shafi abincin dabbobin gida a can ta sa-kai ce, kuma da majalisar dattawan ƙasar ta binciki masana'antar a 2018 sai ta ba da shawarar a ƙarfafa dokar. Wasu nau'o'in kifin ruwan daɗi ma suna ɗauke da wani sinadari da ke lalata wannan bitamin idan an ci su ɗanye, kuma dafuwa tana kashe shi, abin da ya kamata masu karnuka a bakin madatsar ruwan Kazaure su riƙe.

Misali na biyu ya faru a jihar Biktoriya a 2021, inda karnuka fiye da ashirin suka mutu da ciwon hanta bayan cin ɗanyen naman da aka sayar domin dabbobin gida. Bincike ya gano gubar indosfisin, wadda ke taruwa a jikin dabbar da ta yi kiwo a kan wasu tsirrai na dangin Indigofera, kuma an bi sawunta zuwa dawakan da aka kawo daga arewacin ƙasar. An taɓa ganin irin haka da naman raƙuman daji a yammacin ƙasar. Babar rini da aka sani a karofin ƙasar Hausa tana cikin wannan babban dangi, kodayake nau'o'in da ke ɗauke da gubar daban suke. Abin lura a nan shi ne cewa dokin ko raƙumin yakan kasance da alamar lafiya, naman ba ya canja launi ko wari, dafuwa da sanyi kuma ba sa kashe gubar, don haka kariya ɗaya ita ce sanin inda dabbar ta yi kiwo. Akwai kuma ɓarɓashin dalmar harsashi da ke watsuwa a naman dabbar da aka harba, wanda ya fi yawa a guntayen da ake yankewa daga bakin rauni, kuma su ne guntayen da aka saba jefa wa karnuka. Wannan ya shafi maharbin da ke amfani da bindigar toka, kamar yadda ya shafi mai kibiyar da aka shafa wa dafi.

Kwata da layya da daji

Haɗarin da ya fi kusa da gidajen wannan yanki yana cikin ɗanyen kayan ciki. Akwai wata tsutsa da masana ke kira Echinococcus granulosus, wadda tsawonta bai wuce 'yan milimita ba, tana zaune a hanjin kare ba tare da ta nuna masa wata alama ba, tana zuba ƙwai a cikin kashinsa. Idan tunkiya ko akuya ko sa ko raƙumi ya haɗiyi ƙwan a ciyawa ko a ruwa, sai ya zama wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a hanta da huhu, waɗanda kowane mahauci ya sani da gani. Idan aka yanke wannan ɓangare aka jefa wa kare, sai dubban kawunan tsutsa da ke cikin ruwan su girma a hanjinsa cikin wajen makonni shida, da'irar ta sake zagayowa. Mutum ba ya kamuwa ta cin naman da ke da ƙullin, yana kamuwa ne ta ƙwan da ke kashin kare, a hannun yaron da ya yi wasa a ƙasa, ko a ganyen lambu, ko a ruwan da ba a rufe ba, kuma ƙullin yakan yi shekaru yana girma a hantarsa kafin a gane, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Binciken mayanka a Kano da Sakkwato da Maiduguri ya sha nuna wannan cuta a dabbobin yanka, raƙuma kuma sun fi ɗauke da ita. A Ostareliya ma tana zagayawa tsakanin dingo da dangin kangaru, shi ya sa ake gargaɗi game da ba kare ɗanyen kayan cikinsu.

Wata tsutsar mai kama da wannan tana yin ƙullinta a ƙwaƙwalwar tumaki da awaki, sai dabbar ta riƙa juyawa wuri ɗaya kamar mai hajijiya har ta faɗi, kuma ana raya ta ne duk lokacin da aka ba kare ɗanyen kan dabbar da ta yi wannan ciwo. Lokacin babbar salla ya fi kowane lokaci haɗari, saboda ana yanka dubban raguna a ƙofar gida ba tare da mai duba nama ba, duk abin da aka ga bai yi kyau ba kuma a bola yake ƙarewa. Ƙasar Niyu Zilan, wadda cutar ta taɓa addaba saboda yawan tumaki da karnukan kiwo, ta ayyana kanta a matsayin wadda ta rabu da ita a 2002, kuma ginshiƙin nasararta shi ne hana ba kare ɗanyen kayan ciki sai an tafasa su minti 30, tare da ba karnuka maganin tsutsa a kai a kai. Maganin da ake amfani da shi yanzu, firazikwantel, ana samunsa a shagunan magungunan dabbobi.

Mushe kuwa babinsa daban ne. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, tana iya kasancewa ta mutu da cutar antaraks, wadda ke kumbura saifa, kuma wadda hukumomin Nijeriya suka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yulin 2023. Ƙwayoyin wannan cuta suna rayuwa a ƙasa shekaru da dama idan an buɗe gawar, don haka ƙa'ida ita ce kada a feɗe, a sanar da ma'aikatan dabbobi, a ƙone ko a binne da zurfi, domin karnukan da suka yayyaga mushen suna jan guntayensa zuwa makiyaya da bakin rijiya. Haka ɓeran da ya ci guba da tsuntsun da ya mutu da maganin feshi suke kai gubar ga karen da ya tsince su.

Yunwa da yawo da haukan kare

Karen da ba a ciyar da shi a gida dole ya fita neman abinci a juji da bayan kwata, inda yake haɗuwa da wasu karnuka a yi ta cizon juna, kuma ta wannan hanya cutar haukan kare ke yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma yara ne babban kaso. Da zarar alamu sun bayyana babu magani, amma wanke rauni da sabulu da ruwa na minti 15 da garzayawa asibiti domin allura suna ceton rai, yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi kuma yana katse yaɗuwarta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da wannan allura. Ciyarwa da rigakafi suna tafiya tare, saboda karen da ya san kaskonsa yana da mai shi, ana iya kama shi a ranar allura, wanda ya saba da juji kuwa babu mai riƙe shi.

Hatsin ma yana da nasa sharaɗi. Masara da gyaɗa da tunkuzar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kare kuma yana cikin dabbobin da ba sa jure ta. A watan Agustan 2024 hukumomin lafiya na Zambiya sun sanar da mutuwar karnuka kimanin 400 da aka danganta da gurɓatacciyar masara, lamarin da ya sa aka binciki garin da mutane ke ci. Al'adar tura wa kare hatsin da ya lalace a rumbu tana da wannan haɗari, haka miya mai yawan albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare idan sun yi yawa, da dafaffen ƙashin kaza ko zabo da ke tsagewa ya soki hanji.

Abin da ya dace da yankin

Idan aka auna duka, naman kangaru nama ne mai kyau ga wasu karnuka a wasu yanayi, muddin an san tushensa, ba a zuba masa salfayit ba, an kuma cike shi da sauran abin da jiki ke buƙata, amma babu wata fa'ida a cikinsa da za ta sa mai kare a Jigawa ya kashe kuɗin waje a kansa. Kwaikwayon tsarin Ostareliya ta hanyar mayar da naman daji abincin karnuka shi ma bai dace ba, domin cinikin Ostareliya ya dogara ne da miliyoyin dabbobi da ƙidaya da kaso, alhali noma ya cinye mafi yawan dajin Kazaure da Babura, barewa da gada sun yi wuyar gani, abin da ya rage kuma yana buƙatar hutu domin ya hayayyafa. Abincin da ya dace yana nan a gida: tuwon gero ko dawa daga hatsi mai kyau, da dafaffen tumbi da huhu da guntayen nama daga dabbar da aka yanka da lafiyarta, da ɗan kitse ga kare mai aiki, da hanta kaɗan-kaɗan, da kindirmo ko ƙananan busassun kifi da ƙayarsu ko dakakken ɓawon ƙwai domin ƙashi, da ruwa mai tsabta a kowane lokaci.

Sauran aikin na shugabanni ne, kuma tsarin da zai ɗauke shi yana nan tun da daɗewa. Sarkin Fawa yana da ikon sa a haƙa rami mai murfi a kowace kwata domin sassan da aka ƙi, a kuma kange wurin yanka daga karnuka. Sarkin Baka da shugabannin mafarauta suna iya mayar da dafa kayan ciki da ba da maganin tsutsa da allurar hauka sharaɗin fita farauta, ma'aikatan dabbobi na ƙananan hukumomi su haɗa allurar karnuka da zagayen rigakafin shanu da suke kaiwa rugage, limamai kuma su tunatar da jama'a kafin layya cewa a binne duk hanta ko huhun da aka ga ƙulli a jikinsa. Kuɗin waɗannan matakai bai wuce na itace da tukunya da ƙwayar magani ba, kuma idan aka kwatanta shi da asarar hantar dabbobi a kasuwa da kuɗin tiyatar mutum guda, babu mai garke ko mai iyali da zai ce ya yi tsada.